Kamun kifin koho a Tafkin Mishigan da gasa shi a kan katakon sida: tambayoyi da amsoshi

Tafkin Mishigan yana arewacin Amurka, jihohi huɗu suka sa shi a tsakiya: Mishigan, Wiskonsin, Ilinoi da Indiyana. Girmansa ya kai kusan murabba'in kilomita 58,000, inda ya fi zurfi kuma mita 281 ne, ga shi ruwan daɗi tsantsa, babu gishiri. Da zarar ƙanƙara ta narke a watan Maris, masunta sai su cika bakinsa ta kudu suna jiran koho. Ga tambayoyin da sabon shiga ya fi yi game da kifin, tun daga ruwa har zuwa kan wuta.

Wane irin kifi ne koho?

Ɗaya ne daga cikin dangin salmon na tekun Fasifik. Asalin gidansa gaɓar Alaska ce, da yammacin Kanada, da jihohin Washinton, Oregon da arewacin Kalifoniya, har zuwa gabashin Rasha. Yana da ɓawo, jikinsa fari ne mai ƙyallin azurfa, gadon bayansa kuma shuɗi-shuɗi mai duhu. Shekara uku yake rayuwa. Rabin farko yana ƙarami a rafi, rabi na biyu yana yawon kiwo a babban ruwa. Daga nan sai ya koma rafin da ya fito, ya yi ƙwai sau ɗaya tak, ya mutu.

To me ya kawo kifin teku tsakiyar ƙasa?

Mutane ne suka kawo shi, kuma ɓarna ce aka yi ƙoƙarin gyarawa. Tun fil azal gangaren ruwan Nayagara ne ya tare halittun tekun Atlantika, ba sa iya haurawa zuwa tafkunan sama. Da aka haƙa mashigin Welland domin jiragen ruwa su kewaye gangaren, sai ƙofa ta buɗe. Farkon baƙon da ya yi ta'adi shi ne lamfiri, wata halitta mai siffar maciji, bakinta zagayayye cike da haƙora, tana manne wa kifi ta tsotse jininsa. An fara ganinta a Tafkin Mishigan a 1936. Ita da yawan su na kasuwa suka kusa ƙarar da taraut, babban kifin da ke cin ƙanana a tafkin.

Da mai ci ya kau, sai wani ɗan ƙaramin kifi mai suna alwaif, wanda aka fara gani a 1949, ya samu fili. Kafin tsakiyar shekarun 1960 an ƙiyasta cewa shi kaɗai ya kai kusan kashi 90 cikin ɗari na nauyin kifin tafkin. Ba ya jure sauyin ɗumin ruwa, saboda haka yakan mutu da yawan gaske. A 1967 mushensa ya lulluɓe bakin ruwan Shikago, har sai da aka sa manyan motocin ture ƙasa suna kwashewa.

Howard Tanner, wanda ke shugabantar sashen kifi na jihar Mishigan a lokacin, shi da mataimakinsa Wayne Tody, suka ga cewa wannan annoba abinci ce da ba ta da mai ci. Suka karɓo ƙwan koho daga Oregon, aka ƙyanƙyashe, aka yi reno. Ranar 2 ga Afrilu, 1966 aka fara sakin 'ya'yan a kogin Platte. A 1967 aka ƙaro babban ɗan'uwansa, shinuk. Duk harkar kamun salmon da ake gani yau a tafkin, da jiragen haya da shagunan kayan fatsa da bikin koho da garin Honor ke yi, daga wannan shawara ta taso.

Yanzu yana hayayyafa da kansa ke nan?

Wasu suna yi, musamman a rafukan arewacin Mishigan masu sanyi da tsakuwa. Amma har gobe jihohi suna sakin 'ya'yan koho duk shekara, kuma gidan ƙyanƙyasa na kogin Platte da ke kusa da Honor shi ne babbar cibiyar ɗibar ƙwai.

Abin da ya fi damun masu lura da tafkin shi ne abincinsa. Tun ƙarshen shekarun 1980 wasu ƙananan halittu masu ƙwanso, zebra da kwaga, suka shigo cikin ruwan da manyan jirage ke zubarwa. Suna tace ruwa suna cinye ƙwayoyin abincin da alwaif ke rayuwa a kai. Ruwan ya yi garau, kyan gani, amma garau ɗin nan yunwa ce. A maƙwabcin tafki, Huron, alwaif ya durƙushe wajen 2003 zuwa 2004, shinuk ya bi bayansa. Tsoron haka ne ya sa a 2013 aka rage yawan shinuk ɗin da ake saki a Tafkin Mishigan da kusan rabi. Koho ya ɗan fi sauƙi, domin ba ya zaɓen abinci sosai, yana cin ƙwari da sauran ƙananan kifaye.

Yaushe ake samunsa, kuma a ina?

Ɗumin ruwa yake bi. Ya fi son ruwa mai wajen digiri 12 a ma'aunin Salsiyos. Kudancin tafkin ba shi da zurfi sosai, shi ke fara ɗumi, shi ya sa a Maris da Afrilu garken koho ke taruwa daura da Indiyana da Shikago, dab da gaɓa. A Mayu da Yuni sai su gangara arewa ta Kenosha, Racine da Milwaukee. Da zafi ya kankama sai su nausa tsakiya, su nutsa ƙasa neman sanyi. Ƙarshen Agusta zuwa Oktoba su yi cincirindo a bakin kogunan da aka sake su, irin su Platte kusa da Frankfort.

Na Afrilu ƙarami ne, kilo ɗaya zuwa biyu. Na Satumba yakan ninka haka ko ya fi. Mai neman hoto ya jira Satumba. Mai neman abin gashi kuwa, a ganina babu kamar ɗan ƙaramin nan na farkon shekara: tsokarsa ja ce mai ƙarfi, ba ƙarni, kuma ɓari ɗaya ya yi daidai da tsawon katako. Wanda ya riga ya shiga kogi, jikinsa ya yi duhu, bakin namijin ya lanƙwashe, ya daina cin abinci yana cin jikinsa ne. Tsokarsa ta yi fari ta saki, bai cancanci a ɓata masa katako ba.

Yaya zan bambance shi da shinuk?

Buɗe bakinsa. Dasashin koho, daidai gindin haƙoran muƙamuƙin ƙasa, fari ne ko toka-toka. Na shinuk baƙi ne ƙirin. Sai ka duba jela: koho yana da 'yan ɗige-ɗige a sashen sama kaɗai, shinuk kuwa sama da ƙasa duka. Idan cikin bakin fari ne fat kuma jelar cike take da ɗigo a jere, stilhed ka kama, wani irin taraut ne.

Da me ake kama shi a cikin jirgi?

Da jan fatsa. Jirgi na tafiya a hankali, kilomita 3 zuwa 5 a awa, igiyoyi na biye. A farkon shekara kifin yana sama-sama, cikin mita biyar na farko, don haka ba a buƙatar kaya masu nauyi. Abin da masuntan yankin suka fi amincewa da shi ɗan faifan ƙarfe ne mai launin ruwan lemo ko ja, wanda ke karkaɗawa cikin ruwa. A bayansa, da tazarar kamar kamu ɗaya, a ɗaura ƙaramar ƙugiya da aka yi wa ado da zaren ƙyalli kore ko shuɗi. Faifan ne ke jawo hankali, ƙugiyar ce ake kai wa cafka. Akan kuma maƙala wa igiya wani ɗan allo mai iyo da ke janye ta can gefe, saboda kifin da ke sama yakan kauce wa ƙarar inji, kuma ta haka igiyoyi da yawa ke tafiya ba su sarƙe ba.

Idan kifi ya nutsa a tsakiyar shekara, sai a koma ga ɗan injin da ke sauke curin dalma mai kilo huɗu zuwa bakwai, ya kai koto daidai zurfin da ake so. Da kifi ya cafka, igiyar ta kuɓuce daga dalmar, ya rage daga kai sai shi.

Koho ba shi da jan shinuk, amma yana da tsalle, yana kuma murɗawa yana nannaɗe igiya a jikinsa. A gefen jirgi aka fi asararsa. Kada ka ɗago shi da sanda. Ka jawo kansa ya fuskanci koma, wani ya kwaso shi.

Ba ni da jirgi. Shi ke nan na rasa?

A'a. Maris da Afrilu lokacin mai tsayawa a tudu ne. Ana kama koho daga kan gadojin tashar jirage da katangun tare igiyar ruwa, da tana, ko ɗan ƙaramin kifi, ko cokalin ƙarfe mai ƙyalli da ake jefawa a jawo. Mutanen Shikago suna da tasu dabarar, an fi ganinta a tashar Montrose: su harba wani nauyi can nesa da ƙarfin iska, a jikinsa akwai doguwar roba, a jikin robar kuma igiya mai ƙugiyoyi a jere. Mutum ya jawo igiya ya cire kifi ya sa sabon koto, roba ta mayar da ita wurinta. Wanda kuma yake da hali, akwai jiragen haya a kusan kowace tasha, kyaftin ne ke kawo dukkan kaya.

Sai da lasisi?

Ƙwarai, kuma lasisin jihar da kake cikin ruwanta. A Ilinoi, Indiyana da Wiskonsin akwai ƙarin hatimin salmon da ake saye daban, kuɗinsa na taimaka wa gidajen ƙyanƙyasa. Mishigan lasisi ɗaya take bayarwa na kowane kifi. Iyakar kamu galibi biyar ce a rana, idan aka haɗa salmon da taraut, tare da wasu ƙananan sharuɗɗa. Dokokin na sauyawa, a karanta na shekarar kafin a fita.

Tafki ne fa. Akwai wani haɗari?

Sunan tafki ne ke yaudarar mutane. Ranar 23 ga Satumba, 1967, lokacin da manyan koho suka fara dawowa, ɗaruruwan ƙananan jirage sun cika mashigin Platte duk da gargaɗin da aka yi na iska. Guguwa ta taso, jirage suka kife, wasu ta jefa su gaɓa, mutum bakwai suka rasu. Da yawansu sun zo ne da kwale-kwalen da suka saba shiga ƙananan ruwaye da shi.

Haɗarin farkon shekara kuwa sanyi ne. A Afrilu ruwan bai fi digiri 4 zuwa 7 ba. Wanda ya faɗa ciki, cikin 'yan mintoci hannuwansa za su daina yi masa biyayya, ko da gwanin iyo ne. Rigar kariya daga nutsewa a jiki ake sa ta, ajiye ta ƙarƙashin benci ba shi da amfani. A saurari hasashen yanayi, a kuma gaya wa na gida lokacin dawowa.

Kifi ya shigo hannu. Me zan fara yi?

A nan ake yanke hukuncin daɗin gashin, tun ba a hura wuta ba. Mutane da yawa sukan kashe kuɗi wajen katako da kayan ƙamshi, alhali kifin ya yi awa uku yana birgima a ƙasan jirgi cikin rana. Ƙamshin sida, itacen da ake yanko katakon gashin daga gare shi, mai laushi ne, ba zai rufe ƙarnin kifin da aka wulaƙanta ba.

Ka buge shi a ka sau ɗaya ya mutu nan take, wannan ya fi tausayi, kuma tsokar ba ta ƙujewa. Ka ɗaga murfin kumatunsa ka yanke jan naman da yake numfashi da shi, ka tsoma kansa cikin bokitin ruwa na 'yan mintoci jini ya tsiyaye. Jinin da ya kwanta cikin tsoka shi ne tushen ƙarni. Sai ka farke ciki ka fitar da kayan, ka sa cokali ka kankare baƙin jinin da ke kwance a jikin ƙashin baya. Daga nan sai ƙanƙara, ciki da waje, a cikin kula mai ƙofar tsiyayar ruwa don kada kifin ya jiƙu cikin narkakken ruwa. Fere tsokar a bari sai an sauka, yawancin tashoshi suna da teburin gyaran kifi, kuma ma'aikatan duba doka suna son su iya gane irin kifin da adadinsa.

Wajen fere, ka raba shi ɓari biyu ta bin ƙashin baya, ka bar fatar. Shafa yatsa a tsakiyar tsokar daga kai zuwa jela, za ka ji layin siraran ƙayoyi. Ka zare su ɗaya-ɗaya da ƙaramar filaya, kana ja ta inda suka karkata don kada tsoka ta yage.

An ce kifin tafkin yana da guba. Gaskiya ne?

Akwai ƙamshin gaskiya. Masana'antu sun daɗe suna zubar da wani sinadari da ake kira PCB a yankin kafin Amurka ta haramta shi a 1979. Ya ragu ƙwarai, amma bai ƙare ba, ga kuma ɗan makuri, wani ƙarfe mai guba. Kowace jiha tana fitar da jagora kan sau nawa ya kamata a ci kowane kifi, kuma mata masu ciki, masu shayarwa da yara su ne suka fi buƙatar bin sa. Koho yana cikin masu dama-dama, domin bai wuce shekara ɗaya da rabi a tafkin ba, bai tara abin da tsohon taraut ke tarawa ba. Ƙaramin ya fi babban tsabta.

PCB a kitse yake zama. Saboda haka a yanke kitsen ciki, a bar fatar a jikin katako bayan an gasa, a kuma kankare baƙar tsokar da ke tsakanin fata da nama. Makuri kuwa cikin tsokar yake, yanka ba ya rage shi. Kuma kada a ci kifin ruwan daɗi ɗanye, saboda tsutsa.

Daga ina aka samo gashi a kan katako?

Daga ƙasar da kifin ya fito. Al'ummomin asali na gaɓar arewa maso yammacin Amurka da Kanada, irin su Salish, Haida da Tilingit, rayuwarsu a kan salmon da itacen jan sida take. Da itacen suke sassaƙa jirage, su gina gidaje, su saƙa tufafi da igiya daga ɓawonsa. Sukan buɗe kifi su maƙale shi a tsagaggen itace, su kafa a gefen wuta ya gasu a hankali. Shimfiɗa kifi a kan ɗan katako a ɗora bisa murhun gashi mai murfi sabon salo ne da ya samo tushe daga can.

Amfaninsa biyu ne. Katakon yana tare zafin garwashi, kifi ya gasu ba tare da ya manne wa waya ko ya farfashe ba. Sannan tururin jiƙaƙƙen itacen da ɗan hayaƙin gefensa suna ba tsokar ƙamshi. Koho bai kai shinuk mai ba, yana saurin bushewa, don haka shi ya fi kowa cin moriyar wannan kariya.

Kowane katako zai yi?

Ko kusa. Jan sida na yamma ake nema, wanda aka yanka domin girki, ba fenti, ba mai, ba magani, kaurinsa wajen santimita ɗaya. Katakon gini da aka jiƙa da maganin gara yana iya ɗauke da sinadarai masu guba, wasu tsofaffin ma har da asanik. Haka katakon da ake ɗora kaya a tashar jirage, da wanda aka manna da gam. Itace mai ƙaro da yawa irin su fain yana ba da hayaƙi mai ɗaci. Akwai kuma wani da ake kira jan sida na gabas, wanda ake yin akwatin tufafi da shi don korar asu, shi ma ba na abinci ba ne. Idan sida bai samu ba, katakon girki na alda, mafal ko ceri yana yi. Duk wanda ba ka san asalinsa ba, bar shi.

Yaya ake gashin, daki-daki?

Ka nutsar da katakon cikin ruwa awa ɗaya zuwa biyu, ka danne shi da wani abu mai nauyi. Kafin nan ka jiƙa kifin minti goma zuwa sha biyar cikin ruwan gishiri, babban cokali ɗaya ga kowane kofi. Wannan yana shigar da gishiri har ciki, yana kuma rage farin ruwan nan da ke tsattsafowa ya daskare a saman tsoka. Ka tsane shi da kyau.

Ka hura gawayi har ya zama garwashi, zafin cikin murhu ya kai wajen digiri 200. Ka tara garwashin gefe ɗaya. Ɗora katakon shi kaɗai bisa wuta minti uku zuwa biyar, har ka ji yana ƙara ƙas-ƙas, ƙamshi ya tashi. Juya shi, ka shafa ɗan mai a fuskar da ta yi duhu, ka kwantar da kifin fata a ƙasa, ka matsar da katakon gefen garwashi, ka rufe murfi. Ba a juya kifin. Murfin nan shi ne rabin aikin, in babu shi ƙamshi ya bi iska, saman kifin kuma ya ƙi nuna. Wanda murhunsa ba shi da murfi ya kifa babban kwanon ƙarfe a kai.

Ɓarin ƙaramin koho yakan nuna cikin minti 10 zuwa 15, na babba ya kai 20. Hukumomin lafiyar abinci na Amurka sun ce tsakiyar kifi ya kai digiri 63. Masu dafa salmon na teku da yawa suna saukewa kafin nan, amma ga kifin tafki ina ganin a cika ma'aunin. In ba ka da ma'aunin zafi, soka wuƙa inda ya fi kauri: tsoka ta rabu fale-fale, tsakiyar ta daina sheƙi, to ya yi. Ka ajiye ruwa kusa, idan gefen katakon ya kama da wuta ka yayyafa masa. Hayaƙi kaɗan ake so, harshen wuta kuwa ɗaci yake kawowa.

Wane kayan haɗi ya dace?

Kaɗan. Gishiri, masoro, ɗan man shanu ko man zaitun, da yankan lemon tsami a sama. Mutanen yankin suna son shafa ruwan zaƙin itacen mafal ko jan sukari da mastad, zuma ma tana yin aikin. Mai son yaji ya barbaɗa kaɗan, ko ya ajiye shi a gefen faranti, don citta da tafarnuwa masu yawa suna danne ƙamshin da aka sayi katakon dominsa. Za ka ga wasu na cewa a jiƙa katako cikin giya. Babu buƙata, ruwa zalla ya wadatar.

Wannan shi ne banda?

A'a. Banda tana busar da kifi ne a hayaƙi na tsawon lokaci domin ya ajiyu. Wannan gashi ne na ci nan take, cikinsa na nan da danshi. Abin da ya rage a sa a firiji, a cinye cikin kwana biyu zuwa uku.

Zan iya sake amfani da katakon?

Idan ƙasansa ne kawai ya yi baƙi, bai tsage ba, zai ƙara zuwa sau ɗaya ko biyu, sai dai ƙamshin na raguwa kowane zuwa. Ka kankare fatar da ta manne, ka wanke shi da ruwan zafi ba sabulu, domin itace na shan sabulu, ka shanya ya bushe sarai kafin ka ajiye. Wanda ya ƙone sosai, ka farfasa shi ka watsa gutsattsarin a kan garwashi ranar da za ka gasa kaza ko wani kifin.